Tankar T-55 da iskar Jos ta hana fenti zama a jikinta

Waye shi, kuma me ya haɗa shi da tanka

Mutumin da zan ba da labarinsa mai gyaran firji da esi ne a nan Jos, shagonsa na wajajen Bauchi Road, shekararsa 34 lokacin da ya fara haɗa 'yar ƙaramar tankar yaƙi ta roba, irin wadda ake haɗawa da hannu a yi mata fenti. Ba zan faɗi sunansa ba don shi ya roƙi haka, amma ya ba ni littafin da yake rubuta komai a ciki, ranaku da ma'aunan da za ku gani daga can na kwafo su, da yawa kuma a gabana aka yi don shagona na jikin nasa, ni ma ina ɗan taɓa wannan harkar.

Babansa tsohon soja ne na ɓangaren masu sulke, direban T-55, ya yi zama a Bauchi inda makarantar koyon tankoki take, ya kuma yi zama a barikin Rukuba kafin ritaya. Shi yaron a bariki ya tashi, cikin yaran nan masu ƙera motar kara da ta gwangwani, sai dai shi tasa kullum tanka ce, gwangwanin sadin ne jiki, murfin kwalba tayoyi, bututun biro bakin igwa. To da ya girma ya ga ashe akwai masu yin abun da gaske, sai ya sa wa ransa sai ya ƙera irin wadda babansa ya tuƙa ya kai masa.

Ga wanda bai san harkar ba, kwali ne ake saya cike da ƙananan sassa na roba a maƙale jikin firam, kai za ka yanke su ɗaya bayan ɗaya ka goge ka haɗa ka yi fenti har abun ya fito kamar motar gaske da aka ƙanƙance. Ma'aunin da aka fi yin tankoki da shi 1/35 ne, wato duk santimita 35 a jikin ta gaske santimita 1 ne a jikin taka, kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Japan ne ya yaɗa shi tun daga samfurin tankar Panther da ya fitar a 1961. Ita T-55 ƙirar Tarayyar Sobiyet ce, ta fara aiki a 1958, nauyinta wajen tan 36, mutum 4 ke shigarta, igwarta milimita 100, tsawonta har bakin igwa kusan mita 9. In ka raba da 35 za ka samu kusan santimita 26, bai ma kai rular 'yan makaranta ba. Wani ɗan uwansa ne ya taho masa da kwalin T-55A na Tamiya daga Ingila a watan Oktoba 2022. Fenti da tina (ruwan da ake sirka fenti da shi) kuwa ba a yarda a hau jirgin sama da su saboda suna kama wuta, don haka ya ba wani ɗan kasuwa da ke shigo da kayan firji ta ruwa daga Guangzhou sautu, aka ce ya jira wata biyu zuwa uku.

Nuwamba 2022: haɗawa

Nan ba a samu matsala ba. Sati 3 ya yi, kullum bayan isha'i, da abin yanke farce da reza da samfefa mai lamba 600 da 1000, gam kuma nawa na ara masa, Tamiya Extra Thin, wanda ba mannewa yake yi irin na sufa gulu ba, narkar da fuskar robar yake yi su haɗe su zama abu ɗaya. Ya bar kan tankar mai juyawa da tayoyi da sarƙar ƙafa da durom biyu na baya a ware don fenti ya samu shiga ko'ina. Ɗan mutum-mutumin kwamanda da ke cikin kwalin bai haɗa shi ba, yace ransa bai kwanta da shi ba, ya rufe ƙofar saman kawai.

Disamba 2022: fentin gwangwani

Kaya ba su iso ba, tanka na zaune fes tana jiran fenti, haƙuri ya ƙare masa. Ranar Lahadi 11 ga Disamba ya sayo fentin shimfiɗa ruwan toka na gwangwani a Dilimi, irin wanda masu fentin mota ke fesawa kafin kala, ya tsaya tazarar da ba ta wuce santimita 10 ba ya fesa wa kan tankar da tankunan man da ke kan fenda ta dama, hannu ɗaya mai kauri har yana ƙyalli. Ba a yi minti 5 ba fuskar robar ta fara yamutsewa kamar bawon lemu, in ka taɓa da tsinke sai ka ji ta yi laushi. Ya tsaya nan, sauran jikin ya tsira.

Ya bar ta kwana 3 ta sake tauri, sannan ya kwashe dare 4 yana gogewa da samfefa da ruwa. Kan tankar ya zo da sauƙi don na T-55 na gaske ma zubin ƙarfe ne, dama fuskarsa ba sumul take ba, ɗan kaushin da ya rage sai ya shige ciki. Tankunan man ne suka sha wuya, su faranti ne mai santsi, kuma a wajen gugar layukan da ke samansu suka ɗan shafe.

Janairu da Fabrairu 2023: garin kuka

Kaya sun iso 9 ga Janairu: kwalba 3 na koren Tamiya XF-61, kowacce mililita 10, da banish mai ƙyalli X-22, da marar ƙyalli XF-86, da ƙaramar bindigar fenti mai allura 0.3. Tinar kamfanin bai saya ba don ya ji ana cewa sifirit na kemis ma yana yi, kuma gaskiya ne yana sirka wannan fentin. Kwamfuresa kuwa da hannunsa ya haɗa, injin tsohon firji da tukunyar abin kashe gobara da geji da bawul ɗin sauke iska in ta yi yawa, kuma wallahi ta yi kyau, shiru take aiki ko maƙwabci ba ya ji.

Asabar 14 ga Janairu da ƙarfe 3 na yamma ya fito da tebur bakin ƙofar shago saboda haske da kuma wari, ya haɗa fenti kashi 1 sifirit kashi 1, geji na kan 30 a ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya da shi, hannunsa na nesa da tankar kamar santimita 20, daidai yadda ya gani a wani bidiyo. Duk wanda ya san Jos a tsakiyar Janairu ya san yanayin, hazo ya rufe duwatsu, leɓe na tsagewa, in ka shanya riga kafin ka juya ta bushe. Fentin ya sauka, amma da ya bushe sai ya fito da kaushi kamar samfefa, kalar ta yi fari-fari, in ka goga yatsa sai ya biyo ka kamar garin kuka, ga ƙura da zaren tsumma sun lafe a ciki.

Daga ranar zuwa ƙarshen wata ya sake gwadawa sau 4, duk a jikin tankar, duk a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Ya ƙara sifirit ya zama kashi 2, kaushin ya ƙaru. Ya zaci bindigar ce ta toshe, ya wanke ta ya ɗaga geji zuwa 40, abun ya fi na da muni. Ya rage sifirit sosai, sai bakin allura ya riƙa bushewa tana tofar da fenti guda-guda. Daga nan ya ɗora laifin kan fentin, yace jabu aka sayo masa, har suka yi 'yar sa-in-sa da mai sautun, duk da akwai ranar da ya shafa ragowar fentin da buroshin hannu a jikin guntun firam ya kwanta lafiya lau, ya ma rubuta hakan a littafi ya wuce.

Hannu 5 na fenti mai kaushi ya binne kusoshi da layukan walda da duk ƙananan abubuwan da suka sa ake sayen kwalin tun farko. Wani makanike ya ba shi shawarar man birki, ranar 5 ga Fabrairu ya tsoma jikin da kan a ciki suka kwana, awa 12. Fenti ya fita tas, sai dai robar ta yi gautsi, yana wankewa da buroshin haƙori mariƙai 6 na jikin kan suka kakkarye da kejin fitilar gaba. Lokacin kuma ana tsakiyar wahalar kuɗin nan ta canjin takardun naira, kowa na ta kansa, ya tattara komai ya zuba a kwali ya ɗora saman kanta. Ranar ban ji daɗin ganin fuskarsa ba ko kaɗan.

Maris 2023: maganar mai fentin mota, da cokula 24

Ranar 18 ga Maris aka kira shi gyaran firizar wani dattijo mai fentin mota a Farin Gada. Yana aiki ya ga yaran gareji na ta yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara fesa wata mota, ya tambaya, daga nan hira ta kai ga tankar har ya nuna hoto a waya. Dattijon ya duba ya duba yace, "Ɗana, da wane lokaci ka fesa wannan, kuma a ina?" Ya gaya masa. Yace, "Ai fentinka a hanya yake bushewa, gari ne ke isa jikin motar ba ruwa ba. Mu da hunturu sai mun jiƙa ƙasa mun rufe ƙofa, kuma da safe muke yi. Ka rage iska, ka matso da hannunka." Shi kuma yace, "Baba, to ai nawa fentin ba irin naku ba ne." Dattijon yace iskar dai ɗaya ce.

Abun da ya dawo da shi daga wannan hirar biyu ne. Na farko ya tuna yana da ma'aunin zafi da danshi a cikin jakar aikinsa, wanda yake duba ɗakunan sanyi da shi, tun Janairu yana nan bai taɓa tunanin ɗora shi kan teburin fenti ba. Na biyu ya yanke cewa ba zai sake fesa komai a jikin tankar ba sai ya gwada a wani abu. Ya sayo ledar cokulan roba na tekawe, farare, irin masu karyewa ƙwas in ka lanƙwasa su, don su robarsu ɗaya da ta tankar, masu lanƙwasuwa ba sa karyewa wata roba ce daban. Kowane cokali ya rubuta masa lamba a mariƙi.

Azumi ya kama 23 ga Maris, lokacin da mai gyaran firji ba ya samun kansa saboda masu ƙanƙara, don haka ranakun Lahadi 3 kawai ya samu, 19 da 26 ga Maris da 2 ga Afrilu. A bakin ƙofa da ƙarfe 3 ma'auni ya nuna danshi kashi 19 cikin 100. A ƙuryar shagon, bayan ya jiƙa siminti ya rataya jiƙaƙƙen tawul ya rufe ƙofa na rabin awa, ya nuna 46.

Cokali 1 zuwa 6 ya yi su a bakin ƙofa yadda ya yi a Janairu, duka shida suka fito garin kuka. Na 7 zuwa 12 a bakin ƙofar dai, amma geji 15 tazara santimita 8, huɗu sun kwanta biyu sun yi ɗan kaushi, kuma duka akwai ƙura a jiki. Na 13 zuwa 18 a ƙurya mai danshi amma da tsohon geji da tsohuwar tazara, uku sun yi uku ba su yi ba. Na 19 zuwa 24 ya haɗa duka, ƙurya, geji 15, santimita 8, sannan abin sirkin ya zama rabi sifirit rabi ruwan batir, wato tataccen ruwan nan ba asid ba, kuma yana gama fesawa sai ya kife kwanon roba a kai. Duka shida suka fito sumul, in ka shafa kamar ƙwai.

A ƙuryar ya kafa wajen feshi da kwalin firji, ya huda bayansa ya sa ragar esi da ƙaramar fanka tana jan iska zuwa taga, yana sa takunkumi, don rufe ƙofa da feshin sifirit ba abun wasa ba ne ga ƙirji. Ya kuma sake ba da sautu, wannan karon da tinar Tamiya X-20A da ruwan da ke jinkirta bushewar fenti.

Mayu zuwa Yuli 2023: gyara da kore

Mariƙan da suka karye ya maye su da wayar tagulla da ya warware daga koyil ɗin tsohon inji, ya huda gurbinsu da allura mai zafi, ya lanƙwasa su kan bakin filaya duk girma ɗaya, kuma in ka tambaye ni sun fi na robar kyau don sun fi siranta. Kejin fitila ya ci masa dare 2.

Sautu ya iso 12 ga Yuni, ya yi sa'a ya biya tun Maris don a satin nan ne aka saki naira ta nemi farashinta kayan waje suka tashi. Lahadi 18 ga Yuni, damina ta zauna, ma'auni na nuna 63 ba tare da ya jiƙa komai ba. Ya gwada a cokali biyu, sannan ya fesa kore hannu 3 marasa kauri, minti 20 tsakanin kowanne, fenti 1 tina 1. Ya kwanta, duk kusoshi da layin walda suna nan ana gani. Bayan kwana 2 ya bi da banish mai ƙyalli.

Wannan banish ɗin cokali ne ya sa shi. Ya liƙa sitikar lamba a cokali mai fenti marar ƙyalli, da ta bushe sai gefenta ya yi fari yana walƙiya kamar azurfa, saboda fuskar fenti marar ƙyalli cike take da ƙananan ramuka da ke riƙe iska ƙarƙashin sitikar. A cokali mai ƙyalli kuwa ta kwanta kamar da fenti aka rubuta. Haka ma da ya zo yin ruwan datti, wato fentin mai na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, da ake tsinkawa sosai ya gangara cikin lunguna ya fito da su: fetur ya narkar da cokali nan take, kananzir ya kwana 4 yana maiƙo bai bushe ba, farin sifirit na shagon fentin gida shi ya yi, ya bushe a kwana ɗaya kuma bai taɓa koren da ke ƙasa ba. Ya so ya kai wa babansa a Babbar Sallah, 28 ga Yuni, bai samu ba, sai ƙarshen Yuli ya gama wannan matakin.

Agusta 2023: furfura

Saura banish marar ƙyalli ya kashe walƙiyar, don tankar yaƙi ba ta sheƙi. Lahadi 13 ga Agusta, an kwana 3 ana ruwa irin na Jos mai yayyafi ba ƙaƙƙautawa, bango har gumi yake. Bai duba ma'auni ba kuma bai gwada a cokali ba, ya gaya min daga baya cewa a ransa tunda rashin danshi ne ya cuce shi a baya to yawansa alheri ne. Ya fesa XF-86 hannu ɗaya mai ɗan kauri, a tsakiyar aiki ma bindigar ta tofo ruwa sau biyu don tun da ya haɗa kwamfuresar bai taɓa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin tukunyar ba. Bayan minti 15 tankar ta yi fari kamar an barbaɗa mata toka, ya fi yawa a lunguna da kewayen kan. Sai a lokacin ya duba ma'auni: 88.

Wannan karon bai taɓa ta ba. Ya ɗauko cokula 6 masu kore ya fesa musu banish ɗin a daren don su ma su yi furfurar, biyar suka yi. Ɗaya ya goge da tsumma, ba abun da ya canja. Ɗaya ya shafa sifirit, ya kwashe har koren. Ɗaya ya kara a gaban na'urar busar da gashi, farin ya ɗan ragu bai tafi ba. Biyu ya sake fesa musu banish mai ƙyalli a tsinke, farin ya ɓace yana kallo.

Sai ya koma ga sana'arsa. Akwai esin wani kwastoma da ya gyara yana jiran a zo ɗauka, ya nemi izini ya kafa shi a ƙuryar ya sa shi a yanayin tsotse danshi, cikin awa ɗaya ma'auni ya sauko 58. Ya zubar da ruwan tukunya, kusan rabin kofin shayi mai tsatsa, ya sa matatar ruwa a bakin tiyo. Ranar 20 ga Agusta ya bi tankar da mai ƙyalli, furfura ta tafi in ban da ɗan wuri ƙarƙashin durom na hagu. Ranar 27 ya sake marar ƙyallin, ya juya kwalbar sosai da tsinke, hannu 2 sirara, danshi 57. Ya fito daidai.

Satumba da Oktoba 2023: jar ƙasa

Ya kai wa Baba ya gani a farkon Satumba a matsayin an gama. Tsohon ya juya ta a hannu ya daɗe, ya nuna giɓin da ke tsakanin taya ta farko da ta biyu yace ko da dare da wannan ake gane T-55, sannan yace, "Amma wannan ba ta taɓa fita daga gareji ba. Tamu in ta dawo daga daji ba ka ganin kore daga fenda zuwa ƙasa, kuma nan," ya ɗora yatsa kan mafitar hayaƙi ta gefen hagu, "baƙi ƙirin yake." Yace, "To Baba, a ba ni wata ɗaya."

Garin kalar da ake sayarwa don wannan aikin bai da shi, kuma kalar ƙasarmu ma daban ce. Ya ɗebo jar ƙasa a gefen hanyar Rukuba, ya soya ta a tsohon kasko ta bushe, ya daka, ya tankaɗe da rariya, ya zuba a cokali ya ga ta yi girma, don ƙwayar yashi mai milimita 1 a jikin wannan tankar daidai take da dutse mai milimita 35 a jikin ta gaske. Sai da ya sake tace ta da yankin tsohon gyale ninki biyu ta koma kamar hoda. Busasshiya ya shafa da buroshi a saman fenda da gaban tanka, a tayoyi da sarƙa kuma ya kwaɓa ta da ruwa da ɗigon gam ɗin kafinta ta zama taɓo. Baƙin hayaƙi daga gindin tukunya ya kankaro shi. Ɗan wurin da furfura ta rage ƙarƙashin durom ƙasa ta rufe shi. Lahadi 22 ga Oktoba ya kai ta, shekara ɗaya cif da zuwan kwalin, tana cikin akwatin gilashi a falon Baba yanzu.

Janairu 2024: sake gwadawa da hunturu

Akwai tambayar da ni na yi ta masa, cewa koren nan da ya kwanta a Yuni anya ba damina ce kawai ta yi aikin ba. Amsar ta zo da mota ta biyu, Scorpion ta kamfanin AFV Club, ƙaramar tankar nan ta Alvis ta Ingila mai jikin alminiyam da igwa milimita 76 wadda sojojinmu ma suka yi aiki da ita. Lahadi 21 ga Janairu, ƙarfe 9 na safe, hazo ya sauka sosai. Ranar da ta gabata da yamma ma'auni a bakin ƙofa 17 ya nuna. A ƙurya bayan jiƙa ƙasa da tawul 48. Geji 15, santimita 8, tinar X-20A da ruwan jinkirta bushewa kashi 1 cikin 10 na fentin, roba a kife bayan kowane hannu. Ta fito sumul daga hannun farko.

Yadda nake ganin lamarin

Fentin ba jabu ba ne, bindigar ba ta da laifi, hannunsa kuma dama mai kyau ne, mutumin da ke walda bututun tagulla kullum. A Janairu 2023 abubuwa huɗu ne suka taru kuma duk hanya ɗaya suke ja: iska busasshiya, sifirit zalla wanda ya fi tinar kamfani saurin tashi, geji mai yawa da ke farfasa fentin ya zama ƙananan ɗigo, da tazara mai nisa da ke ba ɗigon lokacin bushewa kafin ya sauka. Duk gyaran da ya yi a watan, ƙarin sifirit da ƙarin iska, ƙara wa matsalar ƙarfi yake yi. A Agusta kuma abun ya juya, tina na tashi tana sanyaya fuskar tankar, iskar da ta ƙoshi da ruwa ta sauke raɓa a kai, banish ya rufe ta a ciki, abun da shi da kansa yake gani kullum a jikin bututun esi. Masu bidiyon da ya koya a wajensu ba ƙarya suka yi ba, a ɗakunansu danshi ba ya tashi daga 19 zuwa 88 cikin wata biyar, shi yasa ba sa ma ambatonsa.

Inda nake ganin laifinsa ne kai tsaye wuri uku ne. Fentin gwangwani na Disamba gaggawa ce, kuma ya riga ya ga yadda gam ke narkar da robar nan, tinar fentin mota ma narkar da ita take yi. Man birki bai zama dole ba sam, sifirit ɗin da ke kan teburinsa zai cire fentin Tamiya cikin mintuna ba tare da ya taɓa roba ba, cokalin Agusta ya nuna haka. Sai ranar 13 ga Agusta da ya ajiye ma'auni da cokali bayan su ne suka fitar da shi. Wanda ya fi min ciwo shi ne na man birkin, don mariƙai na asali ba sa dawowa.

In aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya juya lamarin, cokalin zan zaɓa kafin ma'auni, saboda cokula na 7 zuwa 12 sun nuna rage iska da matso da hannu kaɗai sun gyara fiye da rabin matsalar tun ba a jiƙa ƙasa ba, kuma saboda shi ne ya sa furfurar Agusta ta ci masa sati 2 a maimakon wata 5 da ta Janairu ta ci. A littafinsa yanzu ya ja layi biyu, ba ya fesa kala in ma'auni bai kai 40 ba, ba ya fesa banish marar ƙyalli in ya wuce 70. Waɗannan lambobin na ƙuryarsa ne da irin fentinsa, ni da nake amfani da fentin Vallejo mai ruwa zalla na ga nawa ya fi nasa saurin toshe allura da hunturu, sai na kai 50 nake samun yadda nake so.